DARASIN WANNAN WATA: YADDA AKE KOYON DASHEN DARA

Kaka ta wuce, an kai amfanin gona rumbu. Yanzu ne lokacin da manoma ke samun ɗan sarari. Idan ka zaga Anka, Gummi ko Bukkuyum bayan La'asar, za ka tarar da mutane a gindin bishiya sun kewaye gurabun dara. Mutum biyu ke wasa, mutum goma ke ba da shawara. Idan an cinye ɗaya, sai a yi dariya, a share ƙasa, a sake sabo. Gobe kuma wanda aka cinye ya sake yin kuskurensa na jiya, domin ba wanda ya tsaya ya duba inda aka faɗi.

Darasinmu na wannan wata zai nuna yadda ɗan rubutun da ka koya a aji zai gyara maka wasa. Shi ma wasan zai hana rubutun tsatsa. Wuƙar da ba a wasawa ita ke dakushewa.

Darar da muke nufi

Muna magana ne a kan dara mai gurbi 30. Ana haƙa layi 5, kowane layi gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Ɗaya ya riƙe kara, ɗaya ya riƙe dutse. Maƙwabtanmu Dakarkari na ƙasar Zuru sun shahara da ita. Zabarmawan Nijar suna kiranta dili.

Wasan kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne dashe. Wannan ya dasa ɗa ɗaya, wancan ya dasa ɗaya, har 'ya'ya 24 su ƙare, gurbi 6 su rage a buɗe. A lokacin dashe an hana jera uku. Kashi na biyu shi ne tafiya. Ɗa yana matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya, dama ko hagu, ba ya ratse. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin wasa. Jera huɗu ba ci ba ne. Ƙa'ida takan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, saboda haka ku daidaita kafin ku fara.

Mutane da yawa suna dashe da gaggawa, suna jiran tafiya. Nan ne kuskuren yake. Abin da ka shuka shi za ka girba. Sau da yawa tun a dashe ake cinye mutum, bai sani ba.

Abin da masu ces suke yi

Akwai wani wasa ɗan'uwan dara, ana kiransa ces. Larabawa na ce masa shaɗaranji. Asalinsa daga Indiya ne, ya bi ta Farisa ya shiga ƙasashen Musulmi, daga nan ya isa Turai. Yana da gida 64, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 16. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, wani gwani a Bagadaza mai suna Al-Suli ya rubuta littafi, ya bayyana hanyoyin buɗe wasan. Ka ga ke nan tun da daɗewa masana sun gane muhimmancin farkon wasa.

A ces, mai farawa yana da zaɓi 20 a motsin farko. Abokinsa ma yana da 20. Idan ka ninka 20 sau 20, ka sami 400. Wannan motsi ɗaya-ɗaya ne kawai. Ba mai iya haddace duka. To, yaya suke koyo? A wurin gasa kowa yana rubuta motsinsa da na abokinsa a takarda. Idan an gama, sai su biyun su mayar da 'ya'yan, su bi wasan daga farko, su nemo inda aka kauce. A nan Nijeriya akwai Tunde Onakoya, wanda ya koyi ces a shagon aski a Ikorodu ta Jihar Legas. A watan Afrilu na 2024 ya yi awa 60 yana wasa a birnin New York na Amurka. Ba daga gidan masu kuɗi ya fito ba. Mu ma za mu ari wannan dabara ta rubutu da bita, mu kawo ta gindin bishiya.

Ba kowane gurbi suna

Ɗauki tsinke. A saman gurabun, daga hagu zuwa dama, rubuta A, B, C, D, E, F a ƙasa. A gefen hagu, daga sama zuwa ƙasa, rubuta 1, 2, 3, 4, 5. Yanzu kowane gurbi ya sami suna. Gurbin kusurwar sama ta hagu shi ne A1. Inda layin C ya haɗu da layi na 3 shi ne C3.

A sami mutum na uku ya riƙe littafi da fensir. Ya raba shafi biyu, ya rubuta Kara a hagu, Dutse a dama. Duk wanda ya dasa, ya faɗi sunan gurbin da ƙarfi, shi kuma ya rubuta.

Gurabu ba ɗaya suke ba

Ƙirga da kanka. Gurabun kusurwa 4 ne, kowanne yana da ƙofa 2. Sauran gurabun gefe 14 ne, kowanne yana da ƙofa 3. Na ciki 12 ne, kowanne yana da ƙofa 4. Haɗa 4 da 14 da 12, za ka sami 30.

Hanyoyin jera uku a dukan filin 38 ne: 20 a kwance, 18 a tsaye. Guda 6 daga ciki suna bi ta C3. Wasu 6 suna bi ta D3. Amma 2 kacal ke bi ta kusurwa. Saboda haka wanda ya fara dasawa a kusurwa kamar manomin da ya bar fadama ne ya tafi shuka kan fako.

Misalin dashe

Haƙa gurabu, ka dasa wannan misali da hannunka. Mai kara ne ya fara.

1. Kara D3, Dutse D2
2. Kara E3, Dutse F3
3. Kara B2, Dutse E2
4. Kara F2, Dutse B3
5. Kara A2, Dutse A3
6. Kara C4, Dutse B4
7. Kara C1

Sauran dashen bai canza komai ba. Da aka fara tafiya, mai kara ya ɗaga C4 zuwa C3. Ya jera C3, D3, E3. Ya ci. Ya cire D2, domin shi ne ɗan da zai iya toshe C2. Mai dutse ya motsa, amma ba shi da ci a kusa. Sai mai kara ya sauko da C1 zuwa C2. Ya jera A2, B2, C2. Ya sake ci. Kafin mai dutse ya farga, 'ya'yansa sun koma 10.

Yanzu mu yi bita

Da ba a rubuta ba, mai dutse zai ce rashin sa'a ne. Amma littafi ba ya mantuwa. Mu koma baya.

Dubi lamba 2. Mai kara yana da D3 da E3. Ana iya toshe shi ta dama a F3, ko ta hagu a C3. Mai dutse ya zaɓi F3, ya bar C3 a buɗe. Ana iya shiga C3 ta hanya uku: B3, C2 da C4. Da ya toshe C3, sai F3 ya rage, shi kuwa ta F2 da F4 kawai ake shigarsa. Tsare ƙofa biyu ya fi tsare uku sauƙi.

Dubi lamba 3. Mai dutse ya dasa E2 kusa da D2. Ya yi niyyar ɗaga F3 zuwa F2 ya ci. Dabara ce mai kyau, amma mai kara ya gani, ya toshe F2. Daga nan mai dutse ba shi da ikon dasawa a C2, domin zai zama ya jera uku a lokacin dashe.

Dubi lamba 5. Nan ne babban kuskure. A lokacin yana da damar dasawa a C3, ya kashe maganar. Maimakon haka ya dasa A3 kusa da B3. Yanzu C3 ma ya haramta gare shi. Da hannunsa ya ɗaure kansa. Dara ta ci gida ke nan.

Dubi lamba 6. Gurabu C2 da C3 sun zama ba mai iya dasawa cikinsu. Abin da ya rage shi ne ƙofofinsu, wato C1 da C4. Mai kara ya kama C4. Da mai dutse ya kama C1, da asararsa ta ragu. Ya tafi B4, ya bar wa abokinsa ƙofa biyu.

Ladubban bita

1. Wanda aka cinye shi zai fara magana. Ya nuna inda yake zaton ya kauce.
2. Wanda ya ci ya faɗi abin da ya shirya, kada ya ɓoye. Idan abokinka ya ƙware, kai ma za ka ƙaru.
3. A nemo kuskure ɗaya ko biyu kawai. A gyara, a sake wasan daga wurin, a ga abin da zai faru.
4. Ban da gori. Yaro ba ya ce wa dattijo ya yi wauta. Sai ya ce, "Baba, da a nan aka dasa fa, yaya za ta kasance?"
5. Ku riƙe buɗi iri ɗaya har mako guda. Yau ka riƙe kara, gobe ka riƙe dutse, don ka ga wasan ta kowane gefe.
6. Ban da sa kuɗi. Da zarar kuɗi ya shiga, wasa ya zama caca, bita ta zama faɗa. Idan an kira salla kuma, a tashi. Littafi yana nan, zai nuna inda aka tsaya.

Tambayoyi

1. Gurbi nawa ke ragewa a buɗe bayan an gama dashe?
2. Ƙofa nawa gurbin B1 yake da ita?
3. Me ya hana mai dutse dasawa a C3 bayan lamba 5?
4. Da mai dutse ya dasa C1 a lamba 6, wane ɗa ya kamata mai kara ya fara cirewa? Don me?

Aikin gida

Ku haɗu ku uku. Ku rubuta dashen wasa 3 a cikin wannan mako, kowa ya riƙe fensir sau ɗaya. A ƙarƙashin kowane wasa, wanda aka cinye ya rubuta jimla ɗaya da ke nuna kuskurensa. Ɗalibai mata ma suna iya yin haka a tsakar gida. Ku kai wa malamin ajinku ya duba rubutun. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.