Yadda ake sauke tsohon rufin asbestos ba tare da an shaƙi ƙurarsa ba

A Dakoro yawancin gidaje na laka ne da kwano, shi ya sa ba kowa ne ya san asbestos ba. Amma maginin da aka kira gyaran tsohon ofis ko ajin makaranta yana iya cin karo da shi: falle ne mai ruwan toka kamar siminti, mai tudu da kwari irin na kwano, ko kuwa silin irin wanda ya cika tsofaffin gine-ginen Nijeriya. Masu Faransanci suna ce masa amiyant. Ma'adini ne mai zare-zare da ake cakuɗawa da siminti saboda ba ya cin wuta, ba ya tsatsa.

Haɗarinsa a ƙura yake. Zaren ya fi gashi siriri nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, in kuma ya shige huhu ya zauna ke nan. Yana busar da huhu har numfashi ya gagara, yana kawo kansar huhu da ta fatar da ta lulluɓe shi, kuma sau da yawa sai bayan shekara 20 zuwa 40 ciwon ke bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Faransa ta haramta shi a 1997, Afirka ta Kudu a 2008.

Mataki na farko, ka duba ko sauke shi ya zama dole. Fallen da bai fashe ba, ba ya marmashewa, barinsa a inda yake ya fi taɓa shi. Ido kaɗai ba ya rarrabe mai asbestos da maras shi, sai gwajin ƙwararru, don haka duk tsohon fallen siminti ka ɗauka yana da shi.

Na biyu, idan ya lalace, zaɓi ranar da babu iska. Kada ka yi wannan aiki da hunturu yana kaɗawa, domin ƙurar za ta bi maƙwabta har ɗaka. A kwashe yara da dabbobi, a rufe randa da kayan abinci, a kashe wutar lantarki, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa.

Na uku, takunkumi, kuma a nan ne aka fi sakaci. Rawani ko ƙyalle ba ya tare wannan zare, haka ma takunkumin asibiti na yau da kullum. Wanda ake buƙata shi ne mai lambar FFP3 ko P3, ya manne da fuska ba kafa. In ba a samu a Dakoro ba, a yi saƙonsa daga Maraɗi, aikin ya jira. Mai gida da ya ɗauki lebura ya tura shi sama babu wannan kariya ya ɗauki alhakinsa, ko da kuwa ciwon sai yaron ya yi furfura zai fito.

Na huɗu, a jiƙa. Zuba garin sabulu kaɗan a ruwa, a yayyafa wa fallen a hankali har ya sha, a riƙa ƙarawa muddin ana aiki. Na san ruwa yana da tsada a yankinmu, amma jarka biyu ba ta kai kuɗin jinyar huhu ba. Sannan a kwance ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Ban da guduma, ban da zarto, ban da injin yanka ko na huda. Kada a taka fallen kai tsaye, yana karyewa da mutum. A ɗora katako. A miƙo shi ƙasa da hannu ko da igiya, ba tare da an fasa shi ba, ba a jefowa.

Da ya sauka, a naɗe shi a leda ninki biyu tun yana jiƙe, a ɗaure, a rubuta abin da ke ciki. Ɓarɓashi a kwashe da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya tayar da shi take yi. Tufafin aikin a cire su a wurin, a haɗa da sharar. Kada a kai wa uwargida ta kakkaɓe ta wanke: a ƙasashe da dama mata sun kamu ta wankin kayan mazajensu. A yi wanka, takunkumi shi ne ƙarshen cirewa kafin a shiga ruwa.

Wajen zubarwa, a tuntuɓi ma'aikatar magajin gari ta nuna inda za a binne shi da zurfi, nesa da gona da rijiya. Ba a ƙona shi, ba a cike ramin hanya da shi, ba a rufa akurkin kaji da guntayensa, ba a sayar wa wani.

Makanikai ma abin ya shafe su, domin wasu fatun birki suna da shi. A daina hure ƙurar birki da baki ko da iskar famfo, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Kai kuma da ka yi shekaru kana aiki da asbestos, idan tari ya ƙi ƙarewa, ko numfashi yana yanke maka, ko ƙirji yana ciwo, je asibitin Dakoro ka faɗa wa likita irin aikin da ka yi da shekarun da ka yi shi, domin alamun suna kama da na tarin fuka. In kana shan taba ka bar ta yau, haɗuwarta da asbestos tana ninka haɗarin kansar huhu.