Sayen Sabon Gida a Biranen Japan: Kuɗin Yana Cikin Fili

A ƙasar Japan, magidancin da ya sayi sabon gida a cikin birni abu biyu ya saya, wato fili da gini, kuma makomarsu ba ɗaya ba ce. Hukumar haraji tana ƙiyasta shekara 22 a matsayin rayuwar gidan katako, na kankare mai rodi kuwa shekara 47. Kasuwa ma haka take lissafi. Saboda haka gidan katakon da ya haura shekara 20 ba ya ƙara wa farashi wani abin kirki, wani lokacin ma sai an cire kuɗin rushe shi.

Shi kansa filin ba a ce ba ya faɗuwa ba. Farashinsa ya kai ƙololuwa a shekarar 1991, daga nan ya yi ta sauka har fiye da shekara goma, ya bar iyalai da yawa da bashin da ya zarce darajar gidajensu. Filin da ya fi riƙe daraja shi ne na kusa da tashar jirgin ƙasa, shi ya sa ba a tallata gida ba tare da an faɗi mintin da za a yi a ƙasa zuwa tasha ba.

To, me ya sa ake rububin sabo? Babban dalili shi ne girgizar ƙasa. An tsaurara dokar gini a 1981, aka sake tsaurara ta ga gidajen katako a 2000, bayan girgizar birnin Kobe ta 1995 wadda ta kashe mutane fiye da 6,000. Tun daga shekarar 2000 kuma doka ta wajabta wa mai sayar da sabon gida lamunin shekara 10 a kan ginshiƙan ginin da kuma yoyo. Har ila yau, dole fili ya taɓa hanya mai faɗin mita 4 da aƙalla mita 2, in ba haka ba ba za a ba da izinin gini ba.

Kafin a sa hannu, wajibi ne dillali mai lasisi ya yi wa mai saye bayanin dukkan sharuɗɗan a rubuce. Kafin alƙalami yakan kama daga kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Idan mai saye ya fasa, kuɗin sun tafi. Idan mai sayarwa ne ya fasa, sai ya mayar da ninki biyu. La'ada ba ta wuce kashi 3 cikin 100 da ƙarin Yen 60,000, ban da haraji. Harajin saye na kashi 10 cikin 100 a kan gini kaɗai yake hawa.

Akwai rancen Flat 35, wanda ake biya har shekara 35 ba tare da kuɗin ruwa ya canza ba. Amma da yawa sun fi son mai canzawa saboda arha, lissafin da ya soma sauyawa tun da Babban Bankin Japan ya ɗaga kuɗin ruwa a watan Maris na 2024.

Baƙo yana da ikon mallakar fili, sai dai yawancin bankuna ba sa ba shi rance in ba shi da takardar zama ta dindindin, kuma mallakar gida ba ta samar da ita. Ƙidayar 2023 ta gano gidaje kusan miliyan 9 babu kowa a cikinsu.