Abubuwa Huɗu Da Nake Fata Mu Samu Domin Tsara Aikinmu

Ya 'yan'uwana ɗalibai, a nan makaranta ƙararrawa ce ke tafiyar da mu. Ita ke kai mu aji, ita ke sallamarmu. Amma ran da aka tura ɗayanmu koyarwa a wata firamare, ko cikin garin Bauchi ko a ƙauye, zai tarar ƙararrawar can ta yara ce. Ba ta gaya wa malami lokacin da zai rubuta shirin darasi, ko ya duba littattafan yara, ko ya cika rajista. Malamin da bai iya tsara aikinsa ba kuwa, yaransa ne ke cutuwa, gama darasin da ba a shirya ba, ba ya shiga kai. Don haka nake so in bayyana wata hanya ta tsara aiki, kana in faɗi kayan da nake fata mu samu domin binta.

A shekarar 2001 wani Ba'amurke mai suna David Allen ya fitar da littafi, sunansa Getting Things Done, watau yadda ake gama ayyuka. Shawararsa ita ce mutum ya daina dogara ga tunawa, ya sauke duk abin da ke kansa a takarda. Ya kasa hanyar kashi biyar. Da fari ka tara: duk aikin da ya faɗo maka, ka rubuta shi nan take. Na biyu ka tantance, ka tambayi kanka mene ne abu na farko da za a yi. Misali, "jarrabawar lissafi" nauyi ne kawai a zuciya, amma "in karɓo manhaja wurin hedimasta" aiki ne da za a iya yi yau. Abin da ba zai ci fiye da minti 2 ba, ka yi shi nan da nan. Na uku ka jera sauran, mai rana ka sa masa ranarsa. Na huɗu ka zauna sau ɗaya a mako ka duba jerin duka. Na biyar ka tashi ka yi.

To, ga kayan.

1. Ƙaramin littafin aljihu da fensir. Na san yawancinmu muna da waya, amma waya takan mutu in ba wuta, kuma wanda ya buɗe ta don ya rubuta aiki sau da yawa hira ce ke ɗauke shi. Littafi ba ya neman caji.

2. Ambulan 43. Wannan dabara tana cikin littafin nan: ambulan 31 na kwanakin wata, 12 na watannin shekara. In an ba ka takardar taron iyayen yara na ran 17 ga wata, sai ka jefa ta cikin ambulan mai lamba 17. In takarda ce ta aikin watan Yuli, sai ambulan na Yuli. Kowace safiya ka buɗe na ranar, ka kwashe abin da ke ciki, ka mai da shi baya. Ashe ka sami mai tuna maka wanda ba ya mantuwa. Ana iya sayen ambulan a kasuwar Wunti, wanda ba shi da hali kuwa sai ya yanka tsohon kwali.

3. Akwatin ƙarfe mai murfi. Mu da muka san ɗakunan malamai mun san aikin gara da damina, da ƙurar hunturu, da ɓarnar ɓera. Takardar da aka tsara ba a adana ba, wahalar banza ce.

4. Jagora da Hausa. Wannan shi ne babban burina. Littafin Allen da Turanci ya rubuta shi, kuma ma'aikatan ofis na Amurka ne ke gabansa. Kama da wane ba ta wane. Yininmu a nan salloli biyar ne suka yanka shi, makonmu yana da Juma'a da Lahadi da ranar kasuwa. Watan azumi yakan matso gaba da kamar kwana 11 kowace shekara. A watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan hana aikin tunani bayan azahar, sai dai da sassafe ko da dare. Ga suna, ga biki, ga zaman makoki, ga baƙon da ba a cewa ya koma don ana rubutu. Jagorar da nake fata ita ce wadda za ta sa waɗannan duka cikin lissafi, ta nuna wa sabon malami wace rana ce ta fi dacewa da duban mako, da yadda zai bar fili cikin jadawalinsa domin zumunci ba tare da yaransa sun rasa darasi ba.

Wa zai rubuta mana ita? Ni dai ina ganin mu ne. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya komo Bauchi ya kama koyarwa a Midil, kuma a 1934 aka buga littafinsa Shaihu Umar, shi ko shekara 25 bai kai ba. In saurayin malami ya iya wannan, ɗan littafi mai shafi 20 bai kamata ya gagare mu ba.

Ga roƙona. Ina roƙon hukumar makaranta ta sa littafin nan a laburare domin mai so ya karanta. Ina kuma roƙon kowane aji ya sami mutum biyu ko uku su gwada hanyar har zango guda, su rubuta abin da ya yi musu da abin da ya ƙi, su aiko wa wannan mujalla. Daga nan sai mu tace, mu fitar da tamu jagorar kafin a tura mu gwajin koyarwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da za a damƙa mana, amin.