Mai-Bi da Ofishin Haraji

Karatu: Matta 22:15-22, Romawa 13:1-7.

Dattawan Birnin Kudu da na Gwaram suna tune da zamanin da mai-unguwa yakan bi gida gida domin haraji, ana ƙidaya shanu kuma domin jangali. Cikin shekara ta 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke su duka biyu a Jihar Kano, gama garuruwan nan suna cikinta har aka yanke Jigawa a 1991. Saboda haka mutane da yawa sun girma ba su taɓa sa ƙafa cikin ofishin haraji ba. Mai-albashi dai, ana cire nasa tun kuɗin ba su iso hannunsa ba. Amma tela, da mahauci, da mai-fataucin riɗi, su ne za su faɗi samunsu da bakinsu. Nan jaraba take.

Rana takan zo da mutum za ya nemi takardar fili ko kwangila, a ce masa ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku. Sa'an nan wani ya ja shi gefe, ya ce, "Kawo ɗan goro, in samo maka takarda yau." Ƙaƙa mai-bin Yesu za ya yi?

Na fari, kada ka ji tsoro. Bisa ga sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025, wadda ta soma aiki ran 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 ta fari cikin samunka na shekara ba a karɓar kome a kanta. Abin da ya ɗara wannan, har zuwa miliyan 3, ana karɓar 15 cikin 100. Watakila ba a binka ko kobo. Amma tilas ne ka bayyana. Harajin mutum ɗaya ɗaya yana hannun Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jiha, wadda babban ofishinta ke Dutse. Tafi da kanka kafin ƙarshen watan Maris, da katinka na ɗan ƙasa.

Na biyu, faɗi gaskiya. Sayi ɗan littafi, ka riƙa rubuta abin da ka saya da abin da ka sayar, gama bisa riba ake sa haraji, ba bisa jari ba. Idan ba ka iya rubutu ba, ɗanka ya taimake ka. Ma'aikaci ba ya ganin cikin rumbunka, amma Allah yana gani. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Na uku, kada ka ba da toshi. Takardar da aka saya a bayan ɗaki shaidar zur ce mai-hatimi. Biya inda hukuma ta ce a biya, karɓi rasit, ka adana shi.

Na huɗu, idan an ɗora maka fiye da ƙima, kada ka yi zagi, kada kuwa ka yi shiru. Doka ta ba ka kwana 30 daga ranar da takardar ta iso ka, ka rubuta ƙin yardarka da dalili. Ko Manzo Bulus ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar sa'anda za a zalunce shi.

Ka tuna, maƙwabtanka suna dubanka tun ran da ka ba da gaskiya. Idan sun ga ka ruɗi hukuma domin 'yan kuɗi kaɗan, ƙaƙa za su gaskata ka sa'anda ka yi musu zancen rai madawwami?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsare bakina daga ƙarya, hannuna kuma daga toshi, domin kada a saɓi sunanka sabili da ni. Amin.