Ka Dubi Agogo Kafin Ka Taya Tsohon Wasan Bidiyo

Mai neman tsohon kaset ɗin Nintendo ko Sega a eBay, agogo ya kamata ya fara dubawa kafin farashi. Kowane gwanjo a can yana da ƙayyadajjen lokacin rufewa, kuma a mintunan ƙarshe ake kokawar tayi. Kayan da zai rufe da yammacin Lahadi a Amurka, lokacin da masu tara wasannin suke gida, da wuya ya yi araha. Nemi wanda zai rufe cikin darensu, a tsakiyar mako. Nan muke da sa'a: ƙarfe huɗu na asuba a New York hantsi ne a Kano da Yamai, kai ido biyu, su suna sharar barci.

Kada ka yi gaggawar tayi. Wanda ya taya saura kwana biyar, talla kawai ya yi wa mai kaya. Yanke iyakar abin da za ka iya biya, har da kuɗin aikowa da na kwastan, ka shigar da shi sau ɗaya saura daƙiƙa goma, in intanet ɗinka ba ta rawa. eBay ba zai cinye duka ba, kaɗan zai ɗora a kan tayin wanda ke biye da kai.

Wannan dabara ba ta cika tasiri a Yahoo Auctions na Japan ba, inda kaset ɗin Famicom na Nintendo suka fi yawa, domin a gwanjo da dama tayin ƙarshe yakan ƙara minti biyar.

Makonnin kafin Kirsimeti kuwa masu saye sun yi yawa. In ba ka matsu ba, jira Janairu.