Amsoshin Tambayoyinku: Shin na'urorin rage shan mai suna aiki?

Wani mai sauraronmu, direban tasi daga Kano, ya aiko yana tambaya ko maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, suna rage shan fetur.

To Malam, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa na neman sauƙi, amma gaskiyar magana ba sa aiki. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan kayayyaki sama da 100, ba ta samu wanda ya rage shan mai yadda za a ce a zo a gani ba. Wasu ma hayaƙi suka ƙara.

Ɗauki maganaɗisun nan. Kanga shi jikin kwalbar fetur ka gani, ko motsi man ba zai yi ba. Injin zamani kuma yana ƙone kusan duk man da ya shiga cikinsa, to ina ragowar da ƙwaya za ta ceto? Ruwan wanke injekta ne kaɗai nake ɗaga wa ƙafa, shi ma idan ta toshe ne, ya mayar da motar yadda take a da.

Abin da ke raina shi ne kuɗin guminka. In kana son rage shan mai da gaske, duba iskar taya kowane mako, canza fulogi idan ya gaji, rage taka totur da birki na gaggawa, kashe injin idan kana jiran fasinja a tasha. Don Allah kada ka sayi maganaɗisun nan.