Kafin Ka Karɓi Wayar Hannu

Ɗan'uwa mai sayen waya ta hannu, ko a Farm Centre ta Kano kake ko a wata kasuwa, arhar kaya kada ta rufe maka ido. Duk wanda ya kawo maka waya, ka nemi kwalinta da rasit. Ka danna *#06#, lambar IMEI mai lambobi 15 za ta fito, ka duba ko ta yi daidai da wadda ke jikin kwalin. Sannan ka rubuta ta a littafi tare da sunan mai sayarwa, lambar wayarsa da katin shaidarsa, ya sa hannu. Wannan littafin shi zai wanke ka ranar da 'yan sanda suka biyo sawu.

Wanda ya kasa buɗe wayar da yake cewa tasa ce, ko yake ta waige-waige yana neman a sallame shi da ko nawa ne, ka rabu da shi, ka sanar da shugabannin kasuwa da caji ofis mafi kusa.

Sashe na 317 na dokar Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai karɓar kayan sata da saninsa. Masu ƙwacen waya suna illata matasanmu ne don sun san akwai mai saye. Don Allah kada ya zama kai ne.